Sunana a Bakin Inna

Tun da na dawo daga Jidda ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai tambaya, a masallaci tambaya, har mai yi mini wanki sai da ya tare ni a ƙofa yana son jin ko da gaske ne ruwan teku ba ya shayuwa. Kowa in ba shi guntu, ya tafi ya haɗa da guntun wani, har labari ya zagayo ya same ni cewa wai tsare ni aka yi a can. Ba wanda ya tsare ni. Ga shi zan faɗa sau ɗaya tun daga farko, wanda ya ƙara tambayata in miƙa masa ya karanta.

Sunana Sa'idu, malamin Turanci ne ni a kwalejin horon malamai, kuma ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata. Mutanen garinmu sun san abin da wannan yake nufi. Ana yaye ni Goggo ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma. Inna, ita mahaifiyar tawa, ba ta kallon fuskata, ba ta yi mini magana kai tsaye, sunana kuwa bai taɓa fita daga bakinta ba. In tana son a aike ni sai ta ce da Goggo, "A ce wa wancan ya zo." Ban taɓa ɗaukar wannan rashin so ba, haka na ga ana yi wa kowane ɗan fari a unguwarmu.

Bayan rasuwar mahaifinmu ta bi ƙanenta, Kawu Hamza, suka tafi aikin hajji ta ƙasa. Kawu ya samu ɗinki a Jidda ya zauna, ita ma ta zauna tana yi masa girki tana sayar da waina. Shekaru suka yi ta tafiya, sai gaisuwa a bakin alhazai. A shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira, wani alhajin garinmu ya dawo ya same ni har makaranta. Ya ce Kawu ya rasu, Inna tana hannun maƙwabta, hankalinta ya fara gushewa, kuma takardar zamanta ta mutu tare da Kawu domin a ƙarƙashinsa take. In aka yi kamen marasa takarda aka haɗa da ita, jirgin ruwa za a zuba su a sauke su a gaɓar Sudan, tsohuwar da ba ta san ko wace rana ce ba. Ana ba da hutu na nemi bizar umra, na ce sai na dawo da ita gida.

Abin da ya ƙara dagula mini lissafi shi ne darasin da na gama koyarwa a zangon. Tsofaffin waƙoƙin Ingilishi muka yi da 'yan ajin ƙarshe, kuma mawaƙan nan ba su da aiki sai kwatanta hankalin ɗan Adam da wani abu. Wani ya ce birni ne mai ganuwa, tunani ne sarkin, ido da kunne masu tsaron ƙofa, fushi da sha'awa kuma 'yan tawayen da suke kwana a cikin gari. Wani ya ce jirgin ruwa ne a tsakiyar hadari. Wani lambu, wani madubi. Na can da can, waɗanda Turancinsu ko Bature sai an fassara masa, sun ce akwati ne a cikin ƙirji, namiji na gari shi ne wanda ya kulle nasa ya riƙe makulli. A aji daɗin faɗa suke yi mini, ina zana ganuwa a allo ɗalibai suna dariya. Da saƙon nan ya zo sai suka zame mini ƙaya, duk wanda na tuna sai in ga Inna a ciki.

Don sauƙin kuɗi na raba tafiyar uku: jirgin sama daga Kano zuwa Hartum, jirgin ƙasa zuwa Bor Sudan, sannan jirgin ruwa. Ban taɓa shiga jirgin sama ba, kuma don in nuna ni ɗan boko ne na ci kwat da ɗaurin wuya. Jirgi yana tashi ɗan boko ya kama hannun kujera yana salati da ƙarfi, har wata dattijuwa da ke gefena ta miƙo mini ɓarin goro ta ce, "Tauna, ɗana, ba yau aka fara tashi ba." A Hartum kuwa aka buɗe ƙofa zafi ya buge ni, kafin in isa wurin masu duba kaya kwat ɗin ta jiƙe sharkaf. Na cire ta na cusa a jaka, ban sake ganin ta ba sai a gida.

A jirgin ƙasa Allah ya haɗa ni da Malam Ɗahiru, Bahaushen Sudan mai fataucin riɗi. Kakanninsa ne suka taso za su Makka, guzuri ya ƙare suka tsaya noma, ga shi jika bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, in ya yi magana sai in tuna kakata. Ya buɗe ƙullinsa muka ci kisira, wani abu ne fale-fale mai tsami da ake yi da dawa, ana dangwala shi a miyar busasshiyar kuɓewa. Ya ga littafi a hannuna ban buɗa ba ban ajiye ba, ya tambayi abin da ke ciki. Na ce masa waƙoƙi ne, har da wadda ta ce hankali tsuntsu ne, yakan fita daga ƙirjin mai shi ya haye teku ya je ya gano mutanensa ya dawo.

"Yakan dawo ɗin dai?" in ji shi.

"A waƙar yakan dawo."

"To madalla da waƙa. Kakata da ta tsufa, kullum da safe sai ta ɗaure kayanta ta zauna bakin ƙofa, wai ayarin Sakkwato take jira. Ubana da ta haifa ya zo ya gaishe ta, ta ce da shi, Malam, kai ne madugun?" Ya yi dariya, sannan ya dubi fuskata ya daina. "Kai, ka yafe ni. Ba duka ake zama haka ba."

Bai san abin da ya yi mini ba. Daga nan har Bor Sudan tambaya ɗaya ce a raina, ko Inna za ta gane ni. A tsakiyar sahara kuma jirgin ya tsaya cik, aka ce yashi ya rufe dogo. Mutane suka sauka suka hura gawayi suna dafa shayi a inuwar tarago, ba wanda ya damu, ni kaɗai nake kai da kawowa ina tambayar ma'aikata ko jirgin ruwa zai jira mu. Kowa na tambaya sai ya ce in sha Allahu ya miƙo mini kofi.

Jirgin ruwan ya jira, domin shi ma bai shirya ba. Ba zan yi ƙarya ba, ban ga Bahar Maliya da kyau ba, ƙasan bokiti na fi gani. Ina kwance a kan katako tsakanin buhunan gyaɗa da wasu tumaki, jiri yana juya ni, sai mawaƙin nan mai jirgi ya faɗo mini, wanda ya ce in matuƙi ya bar sitiyari iska ce take zaɓa wa jirgi hanya. Abin ya dame ni har na rarrafa na hau matakala don in tabbatar akwai mutum a wurin tuƙi. Wani ma'aikaci ya koro ni da Larabci. Ban ji haushi ba, na dai ga ƙeyar matuƙin.

A tashar Jidda aka jera mu, aka duba tabon lamba a damtsenmu, aka fesa wa kayanmu wani magani mai warin kananzir. Mai hatimi ya buga mini kwanaki kaɗan, ya nuna mini ranar fita da yatsa har sau biyu don kada in ce ban gani ba. Ina fitowa na ji ana kiran "Ustaz Sa'idu! Ustaz Sa'idu!" Wani gajeren dattijo ne da farar jallabiya, baƙi kamar ni, ya rungume ni ya sumbace ni a kumatu dama da hagu. Na sandare, domin tun da nake namiji bai taɓa yi mini haka ba. Shi ne Ammi Usman, maƙwabcin Kawu, direban motar haya. A Jidda aka haife shi, ubansa mutumin Katsina ne, Hausarsa rabi Larabci.

"Alhamdu lillahi alas salama, ya waladi. Yalla, shiga sayyara, ga motar nan. Hajja tana nan ƙalau, tana ci tana sha, bas ƙwaƙwalwa ce ta taɓu shwayya, kaɗan."

Unguwarsu Nuzla ce, a kudancin gari. Lunguna matsattsu, gidaje wasu na bulo, wasu na katako da gwangwanayen da aka buɗe aka daddale. Ruwa saye ake yi a wurin masu jaki. Ko'ina ka juya Hausa kake ji, amma in ka kasa kunne sai ka ji ta karkace. Yara suna gane abin da na ce, su ba ni amsa da Larabci. A bakin titi na ga mai tsire yana barbaɗa ƙuli, Larabawa sun yi layi, na ji kamar in rungume shi.

Matar Ammi Usman sunanta Zainabu, amma ba mai kiran ta haka sai Inna, Ummu Halid ake ce mata. A can mace da sunan ɗanta na fari ake kiran ta, kuma girmamawa ce. Ina zaune Halid ɗin ya shigo, ƙato da gemu, ma'aikacin tashar jiragen ruwa, uwar ta ƙwala masa kira da sunansa, ta kama kansa ta sumbata a gaban baƙo. Ni na sunkuyar da kai don kunya, su ko a jikinsu. Nan ta ba ni labarin da ban sani ba.

"Wallahi ya Ustaz, shekara da shekaru muna tare da Hajja. Mu ce mata, ke Ummu wa? Ta kau da kai. Muka ce maskina, Allah bai ba ta haihuwa ba, muka daina tambaya don kada mu ɓata mata rai. Kawunka kuma ba mai magana ba ne. Sai da ciwon nan ya zo ta fara Sa'idu, Sa'idu, da sunan gari da madarasa. Da haka muka samu wanda muka aika."

Ta kai ni wani ɗan ɗaki a bayan gida. Inna tana zaune a kan katifa tana tsince shinkafa a faranti. Ta rame, ta yi ƙanƙanta, amma ita ce. Na tsaya a bakin ƙofa. Kafin in durƙusa Ummu Halid ta turo mini kujera ta danna ni a kai, wai baƙo ba ya zama a ƙasa. Inna ta ɗago ta dube ni tsakiyar ido, ta yi murmushi. Ban taɓa ganin ƙwayar idonta sosai ba sai ran nan.

"Sannu da zuwa, Malam. Daga ina?"

Na faɗi sunan garinmu.

"Allahu akbar! Ashe ɗan gida ne. Matso nan. To ka san Sa'idu? Sa'iduna, malamin makaranta, dogo siriri, ba ya son cin abinci."

Ummu Halid ta tafa hannu. "Shuf, duba! Yau tana cikin hayyacinta. Ka ji ta faɗi sunanka!" Ammi Usman yana ta masha Allah a bayana. Su murna suke yi, a ganinsu uwa ta ambaci ɗanta. Ni kuwa na san abin da na ji. Inna da hankalinta ko da wuƙa a wuya ba za ta faɗi sunan nan ba, balle ta dube ni ta ce in matso. Na ce mata na san shi, yana lafiya, yana gaishe ta. Na nemi a nuna mini bayan gida, na shiga na rufe ƙofa na yi kuka kamar yaro. Akwatin nan na tsofaffin mawaƙa ne ya zo mini, wanda na sha yi wa ɗalibai bayani ina murmushi. Ita ta kulle nata fiye da shekara talatin, ciwo ya ɓalle kwaɗon, abin da ya fara faɗowa sunana ne.

A saman soro aka yi mini shimfiɗa, nan maza suke kwana saboda zafi. Da safe ful ake ci, wato dafaffen wake da aka dame da mai, da wani faffaɗan burodi mai zafi da ake kira tamis. Da rana shinkafa da kifi a tire ɗaya, kowa ya sa hannu. Ba tuwo, ba fura, shayi kuwa a ɗan kofin da bai fi kurɓi biyu ba, ka sha a ƙara har ka gaji. Abincin ba laifi, ni ne ba ni da cikin ci.

Ammi Usman ya yi ta zirga-zirga a ofishin da ke ba da takardar fita. Kullum ya dawo da bukra, wato gobe. Daga ƙarshe ya zo da bayani. Tunda kafilinta, wato Kawu da take ƙarƙashinsa, ya rasu, ba za a sallama ta ga kowa ba sai muharraminta. Ko dai shaidu biyu da suka san mu tun daga gida, ko ita da bakinta ta ce wannan ɗana ne, ta faɗi sunansa, a duba fasfo a ga ya dace. Shaidu babu, duk unguwar a matsayin marar ɗa suka san ta.

"Amma ma fi mushkila, ba matsala," in ji shi. "Hajja kullum Sa'idu, Sa'idu. Mudir, mai ofis, ya ce sunan ɗanki, ta ce Sa'idu. Ya ce wannan ne, mu ce mata ce na'am, ta ce na'am. Halas, shi ke nan, ku tafi."

Kwanakin jiran nan a ɗakinta na yi su, a kan kujera, a matsayin Malam ɗan gida. Ta ba ni labarin kaina da ban taɓa ji ba. Ashe ranar da aka kai ni makarantar kwana tana bayan zana tana leƙe har motar ta ɓace. Ashe dambun naman da Goggo take ba ni in za ni makaranta, ita take kwana tana yi. Ta ce lokacin da ƙyanda ta kama Sa'idu ba ta shiga ɗakin ba, a bayan taga ta yi ta zama har ya warke, mutane suna yaba mata kawaici ita kuwa hanjinta yana tsinkewa. Tana faɗa tana dafa gwiwata. Ina jin daɗi ina jin tsoro, wani lokaci in ji kamar sata nake yi, domin ba ni take nufin ta gaya wa ba.

In na hau soro sai in yi ta gwada mata kwatancen mawaƙana ɗaya bayan ɗaya, kamar mai gwada wa yaro takalma. Birnin da sarkinsa ya gudu? To amma masu tsaron ƙofar suna nan, tana gani tana ji, tana gane shinkafa da tsakuwa. Madubin da ya dushe? Ai abin da ya wuce shekara talatin tar take ganin sa, na jiya ne babu. Lambun da ciyawa ta cinye kuwa ban yarda da shi ba sam, ban ga ciyawa a maganarta ba. Duk wanda na ɗauko sai ya matse a wani wuri. Na lura su Turawan nan wuri suke mai da hankali, ko kaya, abin da za a gina ko a rushe. Mu kuwa a bakinmu tashi yake yi, ya kwanta, ya gushe, ya dawo, kamar mai ƙafa. Na riƙe wannan na dawowa ina lallashin kaina da shi, ban tsaya na yi tunanin abin da dawowar za ta jawo ba.

Ranar da aka ce mu zo, saura kaɗan bizata ta ƙare. Ummu Halid ta yi wa Inna wanka ta sa mata baƙar abaya, muka shiga motar Ammi Usman. A hanya tana ta hira, tana tambayata ko Sa'idu ya yi aure. Ofishin cike yake, Yamalawa da Indiyawa da mutanenmu, fanka ɗaya tana juya zafi. Babu wurin zama, Inna ta gaji da tsayuwa ta zame ta zauna a ƙasa ta jingina da bango. Da aka kusa zuwa kanmu na ga takalminta ɗaya ya fita. Na tsuguna a gabanta, na cire hulata na ajiye don gumi, na sunkuyar da kai ina sa mata takalmin. Ban yi da wata manufa ba. Amma haka nake tsugunawa a ƙofar ɗakinta kowace safiya tun ina yaro, kai a ƙasa, in gaishe ta Goggo ta amsa.

Na ji ƙafar ta ƙame a hannuna. Na ɗago. Ta dube ni kallo ɗaya, ta janye ƙafarta, ta jawo mayafi ta rufe fuska, ta juya wa bango.

"Zainabu," ta ce a hankali, "ki ce wa wancan ya tashi daga ƙasa, zai ɓata wandonsa."

Ban san lokacin da na ce Allahu akbar ba. Hawaye yana zuba ina dariya, mutane suna kallona. Ummu Halid ta ruɗe, ta ce, "La haula, ciwon ya tashi! Yanzun nan fa take ƙalau." Daidai nan aka kira mu.

Jami'in saurayi ne mai ladabi, har ya sa aka kawo wa Inna kujera. Ya karɓi fasfona ya buɗe, ya yi tambaya, Ammi Usman yana fassarawa.

"Ya Hajja, mudir ya ce kina da ɗa?"

Inna ta ja mayafi.

"Ya Hajja, esh ismu? Sunansa? Wanda kike faɗa kullum. Sa... Sa..."

Ta ƙara jan mayafi.

"To wannan da ke tsaye, kin san shi? Dube shi, Hajja, Allah ya yarda da ke, kallo ɗaya bas."

Ta juyar da kujerar gaba ɗaya ta ba ni baya. Na matsa na yi wa jami'in bayani da Turanci, na yi da guntun Larabcina na makarantar allo, na ce a garinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, wannan juya bayan shi ne shaidar da yake nema. Ya saurare ni har na gama. Ya ce da Ammi Usman shi uwarsa da sunansa ake kiran ta, bai taɓa jin ƙasar da uwa take ɓoye fuska ga ɗanta ba. Abin da ya gani tsohuwa ce tana tsoron wani mutum, kuma ba zai sa hannu a miƙa ta ga wanda take gudu ba. Ya ce a mai da ita gida, in ta samu sauƙi a dawo. Ban ga laifinsa ba, ko ni ne a kujerarsa abin da zan gani ke nan.

Mun sake komawa ofishin. Ammi Usman ya yi dabara ya ce in tsaya a waje, a tambaye ta ba na nan. Ba ta faɗa ba. Ranakun mako ma ta manta da su, ta kira Ummu Halid da sunan wata ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa, ta tambayi ko Kawu ya dawo daga kasuwa, amma ni ba ta sake manta ni ba. Da ta ji takuna sai mayafi. Ammi Usman har fushi ya yi, ya ce da ni, "Ya ahi, ɗan'uwa, wace irin ada, wace irin al'ada ce wannan? Kalma ɗaya! Ka roƙe ta mana, uwarka ce." Na tsuguna a ƙofa na roƙa ta bakin Ummu Halid, na ce a gaya mata sau ɗaya kawai, don a bar mu mu tafi gida. Ta ce, "Ki ce masa ba a yi mini tarbiyyar banza ba." Ofis da hatimi ba sa shiga kanta, wannan kuwa yana nan daram.

Na je Makka na yi umrar da aka ba ni biza dominta. A gaban Ka'aba na ɗaga hannu zan yi wa Inna addu'a, sai na rasa abin da zan roƙa. In na ce Allah ya bar mata hankalinta, na bar ta a Nuzla ba takarda, kowane bugun ƙofa yana iya zama na masu kame. In na ce ya ɗauke shi na yini ɗaya don ta faɗi sunana a gaban jami'i, wane irin ɗa ne zai roƙi wannan a wannan wuri? Na daɗe hannuna a sama, daga baya na shafa na ce Allah ya zaɓa mana.

Ammi Usman ya yi alkawarin ba za ta leƙa ko ƙofar gida ba har in samo dattawa biyu daga garinmu da za su iya tafiyar. Waɗanda suka san haihuwata saura ƙalilan, kuma duk sun tsufa, har yanzu ina bin su gida gida.

Ranar da zan taso na je ƙofar ɗakinta na tsuguna. Tana zaune ta fuskanci bango. Na ce da Ummu Halid, wadda take tsaye tsakaninmu, ta gaya mata zan tafi, ta yafe mini, ta sa mini albarka. A waje Ammi Usman yana danna ham yana yalla, yalla, jirgi ba ya jira.

"Zainabu," in ji Inna, "ki tambayi wancan, yaushe zai kai ni gida?"

Ummu Halid ta dube ni, idonta ya cika, tana jiran abin da za ta ɗauka ta kai taku biyu.

Na ce, "Ki ce mata zan je in share ɗakinta in dawo."

Ta faɗa mata. Inna ta gyaɗa wa bango kai.

"To a ce masa ya yi sauri."